Babi na Bakwai: Karatun Malanta Daga Nesa

A farkon watan Disamba na 2021, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna ta sanar da korar malaman firamare 233. Hanyar da aka bi aka gano su ba ta da wani sarƙaƙiya. Wasiƙu kawai hukumar ta aika wa makarantun da sunayensu ke kan takardun shaidar malaman, tana tambaya ko sun san waɗannan mutane. A cikin takardu 451 da aka samu amsa a kansu, 233 na bogi ne. Makaranta ɗaya kaɗai ta ce 212 daga ciki ba daga hannunta suka fito ba.

Akwai mai sayen takarda da saninsa, wannan ba abin tausayi ba ne. Amma duk wanda ya san harkar ya san akwai wani irin mutum daban, wanda yakan biya kuɗin makaranta da zuciya ɗaya, ya riƙa zuwa wata "cibiya" ranakun Asabar, ya rubuta jarrabawa, ya karɓi takarda mai hatimi da sa hannu, bai taɓa sanin uwar makarantar ba ta da sunansa a rajistarta ba. Yanzu da cibiyar ta tashi daga ajin haya ta koma cikin wayar salula, irin wannan faɗawa rami ta ƙara sauƙi, domin babu ko ginin da mutum zai je ya gani da idonsa.

Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, ba ta da nisa da Zariya. Mai babur zai isa Sabon Gari cikin ƙasa da sa'a ɗaya, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga tsohuwar kwalejin horar da malamai ta Tarayya da aka buɗe a 1962, wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi. Baƙo zai ce to me ya yi zafi, mutumin da ke maƙwabtaka da irin wannan gari zai nemi karatu ta waya? Amsar tana cikin yinin malami. Wanda ke koyarwa a Likoro ko Taban Sani ko Kauran Wali yana aji tun da safe har bayan azahar, daga nan sai gona, domin albashi shi kaɗai ba ya riƙe gida. Da damina masara, da rani tumatir, ga rake wanda ƙasar Kudan da Makarfi ta yi suna a kansa, shi kuma ba ya jiran kowa idan lokacin sara ya yi. Ba zai ajiye aiki shekara uku ya koma ɗalibi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, zuwa Zariya kullum ya zama abin da sai an yi lissafi. Na Paki da Auchan a ƙasar Ikara, ko na Gubuchi da Gazara a ƙasar Makarfi, lissafinsu ya fi haka tsawo.

Masu neman takardar kuma ba buƙatarsu ɗaya ba. Akwai yarinyar da ta gama sakandare tana koyarwa a makarantar kuɗi ko Islamiyya, tana son takardar shaidar malanta ta NCE. Akwai malamin gwamnati mai NCE da ya ga 'yan bayansa masu digiri suna shiga aiki a mataki na takwas, shi kuwa a na bakwai ya fara. Akwai kuma wanda ya karanta kimiyyar harhaɗa sinadarai a jami'a, ko ya yi babbar difloma a Kwalejin Nuhu Bamalli, aikin ofis bai samu ba, ya tsinci kansa riƙe da alli. Shi wannan na ƙarshe yakan yi mamaki idan aka ce masa a idon doka shi ba malami ba ne tukuna, komai girman digirinsa, sai ya haɗa da diflomar koyarwa, wato PGDE ko PDE. Da yawa sukan ɓata shekara suna karanta abin da ba shi ne ya rage musu ba, don kawai tallan da suka fara gani ke nan.

Karatu daga nesa ya girmi intanet nesa ba kusa ba a ƙasar nan. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, malamin makaranta ne da ya samu digirin Jami'ar Landan a ƙarshen shekarun 1920 ba tare da ya zauna a ajinta ba. Zamanin Turawa da bayansa, akawuna da malamai sun sha karatu ta gidan waya da makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, darasi ya zo a ambulan, amsa ta koma a ambulan. Amma abin da ya mayar da shi harkar jama'a shi ne shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a Satumba 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Malamai ba su isa ba, aka kwashi duk wanda ya iya karatu da rubutu aka tura aji. Don a horar da su suna kan aiki aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a wannan shekara, aka ba ta doka a 1978. Hedikwatarta tana Rigacikun, a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, duk mai tafiya Kaduna daga Hunkuyi yana wucewa ta gabanta.

Da takardar Giredi Tu ta fara, a 1990 ta buɗe NCE ta karatu daga nesa. Sannu a hankali manufar ilimi ta ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita, Giredi Tu ta zama tarihi. Dattawan malaman yankin nan da yawa ta wannan ƙofa suka tsira da aikinsu.

Tsarin NTI har yau ya fi kama da rayuwar malamin karkara fiye da kowane. Ana cike fom da biyan kuɗi ta intanet, littattafan darasi akwai na takarda akwai na saukewa a waya, amma gundarin karatun yana cibiyoyin da takan aro a makarantun sakandare da kwalejoji, inda ɗalibai ke haɗuwa da masu koyarwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. NCE ɗinta shekara huɗu ce, ba uku ba kamar ta zaman kwaleji. Tana kuma yin PGDE da digiri da haɗin gwiwar jami'a. Amfaninta a fili yake: araha, kusanci, da abokan karatu waɗanda matsalarsu ɗaya da taka. Rauninta ma a fili yake, kuma duk tsarin da ya bazu a ɗaruruwan cibiyoyi yana da shi. Wata cibiyar masu koyarwa suna zuwa a kan lokaci, suna duba aikin gida da jan biro. Wata kuwa sai daf da jarrabawa ake ganinsu. Takarda iri ɗaya za a bayar, abin da ke kan ɗalibai ne ya bambanta. Saboda haka mai hankali ba ya tsayawa ga sunan NTI, cibiyar da zai zauna yake bincike, ya je ranar Asabar ba tare da sanarwa ba ya leƙa ko ana darasi.

Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ita ce ta fi kusa da abin da mutane ke nufi idan sun ce karatu ta intanet. Tarihinta ya yi faɗi-tashi. Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokarta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 Obasanjo ya farfaɗo da ita, daga baya shi kansa ya zama ɗalibinta har ya kai ga digirin digirgir a fannin tauhidin Kirista. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ne ya shugabance ta, a zamaninsa kuma, a 2018, aka gyara dokarta don a kawar da kallon da ake yi mata na makarantar wasiƙa. Tana da cibiyoyi a dukkan jihohi, har da cikin gidajen yari, inda fursunoni ke karatu kyauta.

NOUN ba ta ba da NCE. Digirin ilimi take yi, da PGDE, da digiri na biyu, mai NCE kuma yakan shiga daga aji biyu. Littattafan kwasa-kwasanta suna shafinta kyauta, ko wanda ba ɗalibinta ba zai iya saukewa, kuma wannan dama ce da mutane ba su cika amfani da ita ba: kafin ka biya ko sisi, ka sauke littafin kwas ɗaya ka zauna da shi mako biyu, za ka san ko kai mai iya karatu kai kaɗai ne. Maki 30 cikin ɗari daga ayyukan gwaji na TMA suke fitowa, waɗanda ake amsawa ta intanet, sauran 70 daga jarrabawa, ita kuma sai an je cibiya da ƙafa. Ana biyan kuɗi ne kwas-kwas, don haka wanda kakarsa ba ta yi kyau ba zai iya rage kaya a wannan zango. A 2022, lokacin da yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗaliban NOUN sun ci gaba da karatunsu.

Sai dai 'yancin nan shi ne tarkonta. Babu mai kiran suna, babu malamin da zai tambayi me ya hana ka zuwa. Nan ne 'yan kafe, wato masu shagon intanet, suka samu kasuwa. Ɗalibi ya miƙa lambar sirrinsa ga yaron shago, a yi masa rajista, a amsa masa TMA, ya biya ya tafi. Makin zai fito da kyau. Ranar jarrabawa a Kaduna ko Kano kuwa yaron shago ba ya zuwa.

Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa, wadda Hukumar Jami'o'i ta amince da ita, kuma PGDE na cikin abin da take koyarwa ta intanet. Kuɗinta ya fi na sauran nauyi, amma ga mutumin Hunkuyi tana da wani amfani da ba a rubuta a talla ba: idan sakamako ya maƙale ko an rubuta suna ba daidai ba, ofishin yana Samaru, za a je a dawo a yini ɗaya. Kada kuma sabon yayi ya sa a manta da tsohuwar hanya. Jami'ar ta daɗe tana gudanar da karatun dogon hutu, wanda malamai suka fi sani da LVT, inda ake cika Zariya idan makarantu sun yi hutun ƙarshen shekara. Ba intanet ba ne, kuma yakan faɗo tsakiyar damina lokacin da gona ke neman mai ita, amma mutum yana zama gaban malami, yana shiga ɗakin karatu. Ga wanda rabonsa da littafi ya kai shekara goma, sau da yawa wannan ya fi masa alheri fiye da a bar shi da waya shi kaɗai cikin dare.

A 2023 Hukumar Jami'o'i ta ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, irin su Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Halastattu ne, amma lasisin jami'a daban, amincewa da kowane kwas daban. Abin tambaya shi ne ko suna da kwas na ilimi, kuma ko an amince da shi.

Wannan tambaya ta amincewa ita ce ƙashin bayan zaɓin gaba ɗaya, kuma hukumomi uku ne ke riƙe da ita. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke da iko a kan digiri, tana kuma wallafa sunayen jami'o'in da ta yarda su yi karatu daga nesa, da na jami'o'in bogi. Ba kowace halastacciyar jami'a ce aka ba wannan izini ba, kuma tun farkon shekarun 2000 aka haramta rassan da jami'o'i ke buɗewa a garuruwa masu nisa da harabarsu. NCE tana ƙarƙashin Hukumar Kwalejojin Ilimi, NCCE, wadda aka kafa a 1989. Ta uku ita ce Hukumar Yi wa Malamai Rajista, TRCN, wadda doka ta 31 ta 1993 ta kafa, ita ke cewa wane malami ne, wane ba malami ba. Takardar da ba ta iya kai mai ita teburin TRCN ba takardar malanta ba ce a Nijeriya, ko da daga wace ƙasa ta zo.

Nan ne gajerun kwasa-kwasai na Coursera da Alison da makamantansu ke rikita mutane. Suna da amfani, malami zai koyi dabarun koyar da karatu ko lissafi daga manyan jami'o'in duniya ba tare da ya biya komai ba ko da ɗan kuɗi kaɗan. Amma shaidar da suke bayarwa ta halartar kwas ce. Sakataren ilimi ba zai ƙara wa kowa mataki saboda ita ba.

Mafi hatsari su ne dillalai. A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. Ranar 2 ga Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. A Agusta na wannan shekara ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum 22,000 da ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kacal gwamnati ta amince da su a can, biyar a Benin, uku a Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a makarantun da ba sa cikin jerin su ma abin ya shafe su.

Dillalin takarda ba ya zuwa da kamar ɓarawo. Sau da yawa abokin aiki ne, ko ɗan unguwa mai fara'a da ke cikin zauren WhatsApp na malamai. Maganarsa kusan iri ɗaya ce a ko'ina: Malam, kai da kake da iyali ina kai ina wahalar shekara huɗu, kawo kuɗi kawai, wata shida ka karɓi abinka. Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura. Kuɗin a asusun mutum ake zuba su, alhali makarantun Gwamnatin Tarayya ta Remita suke karɓa, su ba da rasit mai lamba. Ba a damu da ko kana da kiredit ɗin da ake buƙata ba, alhali makarantar gaskiya sai ta ga sakamakon WAEC ko NECO ko na hukumar NBAIS ga waɗanda suka fito daga makarantun Arabiyya. Ba a maganar JAMB, alhali gurbin NCE ko digiri da bai shiga rajistarta ba yakan zama ciwon kai ranar da za a nemi takardar bautar ƙasa ko ta keɓewa daga gare ta, wadda yawancin masu karatu daga nesa ita suke karɓa. Kuma, mafi girma duka, ba a maganar koyarwar gwaji.

A kan wannan ya kamata a dakata. Ana iya koyon tarihin ilimi ta waya, da falsafarsa, da ra'ayoyin Piaget a kan yadda tunanin yaro ke girma. Ba a iya koyon tsayuwa gaban yara tamanin 'yan aji biyu, rabinsu a ƙasa suke zaune, uku suna kuka, na baya ba sa ganin allo. Wannan sai an shiga, wani wanda ya fi ka sani ya zauna a bayan aji da takardarsa, ya duba shirin darasinka, ya gaya maka ka yi minti ashirin kana magana da allo ba da yara ba, ko kuma yaran gaba kaɗai kake tambaya. Abin da ɗalibai ke kira TP ke nan, kuma kowane halastaccen shiri, na NTI ne ko NOUN ko ABU, ya wajabta shi. Bambancin yana wajen duba. A wani wuri mai duba yakan zo har ƙauye fiye da sau ɗaya. A wani wurin kuwa ɗalibi ne ke kai fom gidansa da ɗan abin goro a sa hannu. Masu yin haka suna ganin sun huta, amma sashe ɗaya tilo na karatun da aka yi shi musamman don aikinsu suka tsallake.

Wanda ke kan aiki yakan ce shekararsa goma a aji, me za a koya masa? Shekara goma ta maimaita kuskure ɗaya ma shekara goma ce, idan ba a taɓa samun wanda ya nuna masa ba.

Mutanen Jihar Kaduna sun fi kowa sanin cewa takarda ba ta kare mai ita har abada. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi watsi da jarrabawar, ta ce ba hurumin gwamnatin jiha ba ne, ta shiga yajin aiki a Janairu 2018. Har yau ana gardama a kan adalcin abin, kuma akwai hujja a ɓangarorin biyu: maki 75 ba ƙaramin shinge ba ne, an kuma jefa gidaje da yawa cikin ƙunci, amma takardun amsa da aka nuna wa duniya sun sa kowa ya sunkuyar da kai. Abin da ya biyo baya ya fi ban tsoro. A cikin sababbin malamai 15,897 da aka fara ɗauka don cike gurbi, an sake sallamar 4,562 bayan an ga ba su iya rubuta wasiƙar karɓar aiki yadda ya kamata ba. A Yuni 2022 aka ƙara korar 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama wata sabuwar jarrabawar. A jihar da ta saba gwada malami bayan ta ɗauke shi, shirin da ya fi sauƙin ci shi ne ya fi tsada daga baya. Araha ba ta ado.

Maganar kuɗi kuwa, abin da ke rubuce a shafin makaranta rabin labari ne. Akwai data, wadda kuɗinta ya ƙaru bayan Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025. Akwai caji, a garuruwan da wutar lantarki baƙuwa ce, sai shagon mai janareta ko ɗan faifan sola. Akwai kuɗin buga littafi, domin karanta shafi ɗari uku a fuskar ƙaramar waya azaba ce ga ido. Akwai kuɗin mota da na kwana a makonnin jarrabawa. Sabis ma ba abin dogaro ba ne ko'ina, cikin garin Hunkuyi ko Makarfi daban, ƙauyen da sai an hau tudu daban. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar ta sa aka rufe layukan sadarwa a wasu sassanta saboda matsalar tsaro, kusan wata biyu. Shirin da ya dogara da lakca kai-tsaye ta bidiyo a ƙayyadadden lokaci an yi shi ne don mai zama a birni. Wanda ke barin ɗalibi ya sauke darasi sau ɗaya ya karanta ba tare da sabis ba shi ya dace da nan.

Wani abu da ba ya cin ko kwabo amma yake hana mutane cin moriyar wahalarsu shi ne izini. Malamin gwamnati da zai ƙaro karatu, ko da ba zai bar aji ko na yini ɗaya ba, ya rubuta ta hannun hedimasta zuwa ofishin sakataren ilimi, ya karɓi amsa a rubuce ya adana. Wanda ya yi shiru sai da ya gama ya kawo takarda yakan tarar da tambayar wa ya ba ka izini tana jiransa. Haka zaɓen fanni. Malamin firamare da ya karanta ilimin firamare ko na ƙananan yara ya ƙaru a aikin da yake yi gobe da safe. Makarantun yankin kuma malaman lissafi da kimiyya da Turanci suke nema ido rufe, ba fannonin da kowa ke rububi saboda an ce ba su da wuya ba.

Mata su ne suka fi kowa cin ribar wannan tsari, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa a kai wa mace karatu har ɗakinta. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da mata jagorori da ake kira jaji, ta naɗa musu malafa, su ɗauki darussa cikin waƙa su kai wa matan ƙauyuka da ba za su iya zuwa ba. A yau matar aure a Doka ko Zabi, mai goyo, wadda maigida ba zai yarda ta tare a makarantar kwana ba, za ta iya yin NCE ko digiri tana gidanta. Iyaye da yawa kuma sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta ci gaba da makaranta idan akwai malama a ciki. Sai dai a yi maganar tun farko, a gaban maigida, cewa akwai ranakun cibiya, akwai makonnin jarrabawa a wani gari, akwai watannin koyarwar gwaji. Wadda aka ce mata komai a waya ne takan tsaya a tsakiya ranar da tafiya ta taso ba a shirya mata ba, kuɗin da aka kashe ya tafi.

Bayan an gama duka, saura shinge ɗaya. Tun 2017 TRCN ba ta yi wa mutum rajista don ya nuna takarda kawai, sai ya zauna jarrabawar ƙwarewa, kuma a kwamfuta ake yin ta. Ta kasa malamai gida huɗu: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, da masu NCE, kowane rukuni da nasa tambayoyin da kuɗin rajistarsa. A tsarinta na farko an riƙa tambaya a kan tarihin ilimi da halayyar ɗan'adam da dabarun koyarwa da auna fahimtar ɗalibi, har da Turanci da lissafi da sanin kwamfuta. Dattawa da yawa ba rashin sani ke kayar da su ba, hannu ne bai saba da na'urar ba, lokaci ya ƙare suna neman inda za su latsa. A nan wanda ya yi karatunsa ta intanet da kansa, ya amsa TMA ɗinsa da yatsunsa, yake shiga ɗakin da gabansa ba ya faɗuwa. Wanda ya ci yakan karɓi shaidar rajista da lasisi, lasisin kuma ana sabunta shi duk bayan shekara uku.

Ko ya dace mai shekara arba'in da biyar ya ɗauki wannan ɗawainiya? Lissafin ya canja a 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65, ko daga shekara 35 ta aiki zuwa 40, jihohi kuma suna ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya. Mai NCE da ya fara aiki yana ɗan ashirin da biyar, ya shiga digiri daga nesa yana da arba'in da biyar, zai gama kafin ya cika hamsin. A ƙarƙashin sabuwar dokar yana da sauran shekara goma sha biyar a aji, kuma matakin da ya kai zai yi tasiri a haƙƙinsa na ritaya.